Kati Biyu a Aljihun Baffa

Hotoro, Kano
5 ga Maris, 2006

Zuwa ga ɗana Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Baffanka Inuwa ne ke magana, Uba heluma, shugaban layinmu a kamfani, ke riƙe da biro kamar kullum. Mutanen gida lafiya lau, sai dai kunnen nan nawa da injin saƙa ya cinye. Yanzu in ba ihu aka yi mini ba, leɓe kawai nake gani yana motsi.

Ranar Juma'a na je Challawa gai da mahaifiyarka Indo, na tarar da ita ba daɗi. Wani ɗan unguwarku da ke nan Yola ya gaya mata ka daina shiga aji, ka rame, wai har kana cewa za ka tattara ka dawo gida. Ka dawo ka yi me? Ka zo ka taya ni shaƙar ƙurar auduga? Ni da mahaifinka Muntari kakanninmu ne wa da ƙani, amma shekara goma sha takwas muka yi a layin inji ɗaya a Bompai, kuma ban taɓa jin ya yi alfahari da komai ba sai da takardarka ta shiga kwaleji. Shekara guda ke nan da rasuwarsa. Mu ma muna jin ciwon, amma muna fita.

Kamfani kuma sai addu'a. Wuta ba ta samuwa, baƙin mai ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa. An ce za a rage ma'aikata kashi-kashi. Sun kawo sabon tankifa, wani siriri mai tabarau, Malam Sadiq, shi ke kula da katin da muke bugawa in mun shiga aiki. Ya zauna yana tonon tsofaffin katuna tun na bara waccan, duk wanda aka samu da laifi shi ne farkon fita. Ka san abin da ni da Uba muka yi da katin mahaifinka, wata huɗun nan da ya yi yana jinya. Daga mu sai ku sai Allah. In maganar ta fita, aikina ya ƙare, ga yara shida a gida. A bar ta inda take.

Ka ci abinci. Ka ba ni amsa ta jakar wasiƙun kamfani, Uba zai ja ni bayan dilolin atamfa ya karanta mini.

Baffanka,
Inuwa


Yola
27 ga Maris, 2006

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da Inna da yara, Allah ya ƙara sauƙin kunne. Ku yi mini afuwa. Wasiƙarku ta yi kwana tara a ƙarƙashin matashi kafin in buɗe ta, da na buɗe ma idona ne kawai ya bi ta, kaina ba ya ɗaukar komai a lokacin.

Abin da aka gaya wa Umma gaskiya ne. Ba ciwon jiki ba ne. In na farka sai in ji kamar an ɗora mini buhun hatsi a ƙirji, in ga babu amfanin tashi. Na yi mako uku ban je lakca ba. Abokin ɗakina ne ya gaji, ya ja ni kusan da ƙarfi zuwa ofishin ba da shawara na kwaleji, wurin wata Malama Safiya.

Na shiga a shirye in sha tambayoyi kan rasuwar Baba. Baffa, sai matar nan ta dube ni ta ce, "Jiya me ya yi maka daɗi?" Wallahi saura kaɗan in tashi in fita. Na ce babu. Ta ce ko ƙanƙani ne. Na ce to, ruwa ya zo a famfon hostel. Ta ce yauwa, rubuta. Ta ba ni ɗan littafi, wai kullum bayan la'asar in rubuta abu uku da suka tafi daidai a ranar, da dalilin da ya sa suka tafi daidai. Ta ce wani sabon reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam. Da can ciwon zuciya kawai ake bincika, su kuma waɗannan suna duba abin da ke tsayar da mutum da ƙafafunsa. Wai zuciyar da ta saba lura da ɓarna sai an sake koya mata ganin sauran abin da ke gabanta.

Ranar farko abu ɗaya na iya rubutawa. Ranar biyu na jefar da littafin bayan akwati. Yanzu dai kwana goma sha ɗaya ban tsallake ba. Ta kuma gano wai na iya bayani, ta haɗa ni da 'yan aji ɗaya su biyar ina koya musu lissafi ranar Laraba. Ban ce na warke ba, akwai ranakun da buhun ke dawowa. Amma na koma aji, kuma jiya na cinye tuwona har na nemi ƙari.

A gai da Baba Uba.

Ɗanku,
Muhyiddeen


Bompai, Kano
19 ga Afrilu, 2006

Muhyiddeen,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, zafi ne dai ya matsa mana. Za ka ga hannu ya canza. Kashin farko ya fita ranar Litinin, mutum tamanin, har da Uba. An kira su ɗaya bayan ɗaya, ya fito ko sallama bai iya yi mini ba, jiya ya koma garinsu wajen Ringim. Yanzu Malam Sadiq na ofis ne ya taimaka yake rubuta mini, shi kuma zai riƙa karanta mini naka. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa.

Naka na baya Uba ya karanta mini kafin ya tafi, na yi dariya har da tari. Wato sai da ka je Yola aka koya maka alhamdu lillahi? Da ka tambaye ni ai da na koya maka ba sai da littafi ba. Amma tunda ka koma aji kana neman ƙarin tuwo, matar nan ta biya ni. Ko abu talatin ta ce ka rubuta, ka rubuta. Na gaya wa Indo, ta yi kuka, sannan ta tashi ta ɗora tukunya.

Rabin ɗakin saƙa yanzu an lulluɓe injuna da leda. Inda muke mu goma sha biyu, saura mu biyar. Har ni kurma na ji wurin ya yi shiru, kuma shirun ba ya mini daɗi. An ce kashi na biyu yana nan kafin damina ta kankama. Kowa tafiya yake a hankali, ba mai son a san da zamansa.

Sai magana ɗaya, ka buɗe kunne da kyau. Abin da ya wuce tsakanina da marigayi ya wuce. Zumunci ne, ba na son a ɗauko shi, ko a baki ko a takarda. In za ka rubuto, ka ba ni labarin famfo da 'yan lissafinka. Ka ji ko?

Mai rubutu yana gaishe ka.

Baffanka,
Inuwa


Yola
5 ga Mayu, 2006

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya da iyali. Na yi baƙin cikin tafiyar Baba Uba, Allah ya buɗa masa wata ƙofar. Ina gai da Malam Sadiq, na gode da ɗawainiya.

Na ga inda kuka ce kada a ɗauko abin da ya wuce. Na yi murmushi, don na san halinku, ko ruwa kuka ba mutum ba ku son ya ce an gode. To yau dai sai kun yi haƙuri da ni. Malama Safiya ta ba mu aiki na ƙarshe: kowa ya zaɓi mutum ɗaya da ya yi masa alheri wanda bai taɓa gode masa yadda ya kamata ba, ya rubuta masa takarda. Ta ce kada a yi godiyar jimla irin ta bakin hanya, a faɗi ainihin abin da mutumin ya yi, dalla-dalla. Ƙa'idar ita ce a je a karanta masa ido da ido, amma jarrabawa ta matso, Kano kuma da nisa, ni kuwa ba zan iya jira ba. Ga ta nan.

Baffa, na gode. Daga azumin bara waccan har ranar da Baba ya cika, wata huɗu, kullum da kati biyu kuke shiga kamfani a aljihu, naku da nasa. Ku buga naku, ku zaga ku buga nasa, yana gida a kwance ƙirji ya hana shi tashi. Inji huɗu ne rabonku, kuka riƙa tsayawa a kan takwas don kada a ga gibi, Baba Uba yana kau da ido. Da ba ku yi haka ba da an cire sunansa tun yana da rai, da haƙƙinsa bai zo hannun Umma ba, da ni kuma ban ga aji biyu ba. Na ga ƙafafunku a lokacin, sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Kunya ta hana ni gode muku.

A juya baya.

Akwai abin da ko Umma ban gaya wa ba. A watan Fabrairu na je kan gadar Binuwai da rana tsaka, na daɗe a tsaye ina kallon ruwa, kuma ba iska na je sha ba. Malama Safiya ta sani, ita ta kai ni wurin likita. Abin da ya juyo da ni ranar, ƙafafun nan naku ne na tuna. Na ce mutumin da ya tsaya wata huɗu a kansu saboda ni, ba zan sa a kai masa wannan labarin ba.

Tun da Baba ya tafi ban sake kiran kowa da sunan ba. In kun yarda, daga yau ku zan riƙa kira Baba.

Ɗanku har abada,
Muhyiddeen


Zawaciki
Lahadi, 7 ga Mayu, 2006

Muhyiddeen,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Lami ƙanwar matata, malamar firamare, ita ke rubuta wannan, dole ta sa na gaya mata komai. Zan ba direban motar Yola ya kawo maka hannu da hannu.

Waccan wasiƙar ban iya faɗa maka a fili ba, don wanda nake tsoro shi ke riƙe da biron. Malam Sadiq shi ne tankifan da na gaya maka tun farko! Ban neme shi ba, shi ya ce zai taimaka, wa zai ce a'a ga mai rubuta sunayen kashi na biyu? Jakar wasiƙu a teburinsa take sauka. Shekaranjiya Uba ya aiko mini da gaisuwa, kafin in iso ya riga ya yage ambulan, wai don ya rage mini jira.

Don girman Allah kada kalmar kati ta fito a takardarka. Daga yau ka riƙa aikowa ta makarantar Lami.

Inuwa


Yola
10 ga Mayu, 2006

Baffa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Direba ya kawo mini yau da hantsi. Baffa, na riga na aika. Tun ranar Juma'a na jefa ta a gidan waya, ta jakar kamfani, kuma komai yana ciki, har da sunan Baba Uba.

Na koma na ɗauko wasiƙarku ta farko, ga sunan Malam Sadiq nan ɓaro-ɓaro. Lokacin da ta zo ba na gane abin da nake karantawa. Da kuka ce a bar maganar, na ɗauka kawaicinku ne na kullum. Na ruga gidan waya, suka ce jakar ta bar Yola tun Litinin. Na je wurin mai wayar kuɗi na buga lambar kamfani sau bakwai, ba ta shiga.

Ku tare ta. Ku tsaya a bakin ofis kullum, ku karɓe ta a rufe, ku ƙone ta. Ina aiko da wannan ta makarantar Anti Lami. Allah ya sa ta riga waccan.

Muhyiddeen


Yola
2 ga Yuni, 2006

Baffa,

Ina gaisuwa. Kwana ashirin da uku ke nan ba amsa. Kullum sai na je tasha na duba direbobin Kano, har sun gane ni, tun daga nesa suke girgiza mini kai.

Na rubuta jarrabawa uku, ban san me na zuba a ciki ba. Littafin nan na daina buɗe shi. Malama Safiya ta aiko a kira ni sau biyu, jiya na je na gaya mata. Ta ce ita ya kamata ta tambaye ni ta hannun wa takardar za ta bi. Ta sa abokin ɗakina ya riƙa raka ni duk inda za ni, ni ma na san dalili.

Ko zagi ne ku aiko mini da shi. Shirun nan ya fi ƙarfina.

Muhyiddeen


Zawaciki
18 ga Yuni, 2006

Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya sauka, yara suna gaishe ka. Lami ke rubutu. Wasiƙunka biyu sun zo, ta farkon ta iso kwana biyu bayan an gama komai.

Ba zan ɓoye maka ba, tunda kai ba ka ɓoye wa kowa komai. An kore ni ranar sha shida ga Mayu. Kora, ba sallama ba. Wanda aka sallama yana fita da haƙƙinsa, wanda aka kora hularsa kawai yake ɗauka.

Ga yadda aka yi. Ranar Litinin na zo buga kati, layi ya cika, Malam Sadiq ya ɗago takarda ta taga ya ce ɗanka ya rubuto. Ni kuwa hankalina kwance, na ɗauka saƙon direba ya riga ya same ka. Manajan ma'aikata yana tsaye a wurin yana shan shayi, har ya ce a karanta mu ji labarin ɗan kwaleji. Ka san yadda ake karanta mini, da ihu. Ya fara, na ji gaisuwa, na ji malamarka, na ji "Baffa, na gode." Daga nan sai na ga muryarsa ta faɗi, bakin yana motsi ba na jin komai. Ashe bawan Allah so yake ya haɗiye maganar ya tsallake. Ni kuma uban 'yan wayo na buga taga na ce, "Ɗaga murya mana, Malam, godiya ake yi mini!" Manaja ya ce ai kuwa, ɗaga. Ya ɗaga. Na ji kati biyu da kunnena, duk layin ma sun ji. Manaja ya ajiye kofi ya miƙa hannu ya karɓi takardar.

Washegari suka fito da katunan wata huɗu suka jera a tebur, nawa da na Muntari, duk bugun minti ɗaya ne tsakani. Na ce ni kaɗai na yi, marigayi bai sani ba, Uba bai gani ba. Don haka ba wanda zai je ƙofar Indo.

Na yi fushi da kai, ba zan yi ƙarya ba. Mako biyu ko sunanka ba na son ji, shi ya sa ka ji shiru. Sannan na kwanta zazzaɓi. Da na tashi Lami ta karanta mini wasiƙarka ta ranar biyu ga wata, inda ka ce ana raka ka duk inda za ka. Ban gane dalilin rakiyar ba, amma ban so jin ta ba ko kaɗan. To ka saurara. Ni na buga katin da hannuna, da hankalina, in da za a dawo da Muntari ya sake kwanciya, gobe ma zan buga. Kai ba ka kore ni ba. Amma in ka bar makarantar nan, ko ka sake kwanciya ka ƙi abinci, to a ranar ne ka kore ni. Ka koma wurin malamarka, ka ɗauko littafinka. Ni ina bin wani mai gyaran injin markaɗe a Hotoro ina riƙe masa sifana, ba mu kwana da yunwa ba tukuna.

Saura abu ɗaya, shi ke damuna fiye da aikin. Takardarka tana fayil ɗinsu, sun maƙale ta a matsayin shaida. Na koma sau biyu roƙo, maigadin da muka yi shekara goma muna cin goro tare ya hana ni wuce ƙofa. Shekarata hamsin da ɗaya, ba wanda ya taɓa zama ya rubuta mini irin wannan, kuma rabi kawai na ji. Lokacin da manaja ya ɗaga ta sama na hango bayanta cike da rubutu. Na tare Malam Sadiq a bakin titi na tambaye shi, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce shi ya karanta, amma ba daga bakinsa ya kamata in ji ta ba.

Muhyiddeen, me ka ce a bayan takardar?

Baffanka,
Inuwa